Daga Tabarma Zuwa Kujera

Ya mai karatu, ko a Tawa kake, ko a Barmu, ko a Affala, ka san gidan da aka kwana lafiya, gari ya waye dattijo bai iya ɗaga hannu, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Nan Adar sau da yawa sai a ce iska ta buge shi. A kwantar da shi a ɗaki, a yi turare, a ba shi rubutu, a jira. Kada ka yi wa mutanenmu dariya, don likitocin Turai ma sun daɗe suna kwantar da mai shanyewar ɓarin jiki suna jira.

A 1658 wani likita a ƙasar Suwis, Johann Jakob Wepfer, ya duba kawunan waɗanda cutar ta kashe, ya tarar jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Ya kuma gane toshewar hanyar jini tana kawo haka. Ashe ciwon a kai yake, ba a hannu ba. Amma sai da aka yi kusan shekara 300 kafin a san abin yi. Cikin shekarun 1940, a Landan, Berta Bobath da mijinta Karel suka nuna gaɓar da ta sandare tana iya saki in ana motsa ta a hankali, a kai a kai. Daga irin aikinsu ne masu motsa gaɓoɓi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine, suka samu hanya.

Wata hanyar daga Indiya ta fito, sunanta yoga. Tsohuwar al'ada ce mai tushe cikin addinan ƙasar, amma abin da asibitoci suka ɗauka shi ne miƙa jiki da jan numfashi sannu-sannu. B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918, yaro ne mai yawan ciwo, mijin yayarsa Krishnamacharya ya koya masa a Maisur. Da ya zama malami a birnin Pune sai ya ga tsoho da majinyaci ba su iya lanƙwasa kamar samari. Ya kawo kujera, da ɗamara, da guntun katako, don jiki ya samu madogara. A ganina wannan kujera ita ce babbar gudummawarsa.

To, yana aiki? A 2012 Arlene Schmid da abokan aikinta a Indiyanafolis ta Amurka suka gwada da mutum 47 waɗanda suka wuce wata shida da bugun. An yi mako takwas, sau biyu a mako, aka fara daga zaune kafin a miƙe tsaye. Waɗanda suka yi sun ƙara iya tsayuwa ba tangaɗi. Sai dai a 2017 masana da suka tattara gwaje-gwajen yoga sun samu biyu kacal da suka cika sharaɗi, suka ce hujja ba ta isa ba. Wani babban gwaji na 2015, mai mutum fiye da 2,000, ya nuna matsa wa majinyaci da yawan tashi tun ranar farko yana iya rage samun sauƙi. Don haka asibiti ne farko, ranar da abin ya faru, a kuma riƙe maganin hawan jini.

Bayan an sallamo shi fa? Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, samari sun tafi bida Abijan, jinya ta faɗa kan mata. Abin da Iyengar ya yi amfani da shi kuwa akwai shi a kowane gida: bango, turmi, rawani. A zaunar da shi, hannu mai lafiya ya ɗaga marar lafiya, a ja numfashi, a sauke. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana gocewa. Kada ya miƙe sai da mai tsaron gefensa.

Akwai wani dattijo a ajina na yaƙi da jahilci wanda ya iya rubuta sunansa, sai damina guda hannun dama ya mutu. Ɗiyarsa tana zaunar da shi kan turmi jikin bango kullum da hantsi. Hannun har yanzu bai dawo ba, amma yana zuwa aji da sanda, ya koma baƙin farko da hannun hagu.