Yadda Tseren Tsofaffin Motoci Ya Bar Kan Titi a Amurka

A shekarun 1930, samarin Kalifoniya waɗanda ba su da halin sayen sabuwar mota sukan sayi tsohuwar Ford da araha, su rage mata nauyi, su gyara injinta da hannunsu. Injin V8 da kamfanin ya fitar a 1932 ya fi karɓuwa, domin ƙara masa ƙarfi ba wuya. Busassun tafkunan hamadar Mojave, musamman Muroc, su ne filin gwajinsu, har rundunar soja ta karɓe wurin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa suka dawo daga fagen daga da ilimin kanikanci, tseren kuma ya bazu a titunan gari cikin dare. Haɗurra suka yawaita, 'yan sanda suka matsa lamba. A 1950 C.J. Hart ya fara shirya tsere a filin jirgin sama na Santa Ana, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA. Ƙa'idar ta daidaita: motoci biyu, miƙaƙƙiyar hanya ta kusan mita 402, da duba lafiyar mota kafin tashi. Da wannan tsari ne hukuma ta fara kallon masu gyaran a matsayin 'yan wasa maimakon masu laifi.