Gani Ya Kori Ji? Masu Sauraren Kiɗa Tsakanin Ƙonni da Tajaye

Idan ana ba da tarihin kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, sunayen makaɗa da na sarakunan da suka riƙe su ake jerowa, ba a cika tunawa da mutanen da suka tsaya a rana suna saurare ba. Alhali kuwa su ne alƙalan farko, domin waƙar da suka karɓa ita ke rayuwa, wadda suka juya wa baya kuwa takan mutu tun kafin mai ita. Yankin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya bi ta Malbaza da Tajaye zuwa Illela, mazaunin Sarkin Adar, wuri ne da ya dace a bi sawun waɗannan alƙalai. Iyaka da Nijeriya tana bakin Ƙonni, hanyar Tawa zuwa Sakkwato ta ratsa yankin, ga kuma Hausawa manoma da Abzinawa makiyaya zaune kusa da juna, don haka kunnen mutumin nan ya saba da kiɗa fiye da iri ɗaya.

Kafin zuwan na'ura, a fili ake yanke hukunci. A ƙofar fada, ko dandalin kokowa da dambe bayan girbi, ko gidan buki, makaɗi yakan san matsayinsa nan take: daga yawan da'irar da ta kewaye shi, da guɗar mata, da kyautar da ake miƙawa sanƙira yana shelanta ta. Masu saurare suna duba zaƙin murya, da haɗin kan ƴan amshi, da sanin asalin wanda ake wasawa, da kuma iya zambo da habaici ba tare da an zubar da mutunci ba. Kowane kiɗa yana da jama'arsa: kotso da taushi na fada ne, kalangu na mahauta da ƴan dambe da bukukuwa, goge na ƴan bori da masu nishaɗi, tende kuwa na matan Abzinawa.

Rediyo ce ta fara raba murya da mai ita. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974, na Kaduna kuma ya fara aiki a 1962. Daga nan manomin Adar ya samu damar jin Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Mamman Shata, ko da bai taɓa ganin fuskarsu ba. A shekarar 1962 ɗin ce aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo a Nijar, inda malaman makaranta da dama suka riƙa tara mutanen gari su ji shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai. Ko da yake noma da kiwon lafiya ne suka fi cika waɗannan shirye-shirye, tsarin ya koya wa talaka cewa ra'ayinsa a kan abin da ya ji yana da daraja.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwannin yankin tun daga shekarun 1970, akasari ta hannun fataken da ke zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Sakkwato da Kano. Shi ne ya kawo sabon ma'auni, domin a karon farko mai saurare yana iya mayar da waƙa baya, ya haddace ta, ya kwatanta ta da wata. Masoyan Shata sukan kafa hujja da saurin ƙirƙira da yawan waƙoƙinsa, na Ɗanƙwairo kuma da tsarin amshi da nauyin kalma. Sai dai wata muhawarar ta fi wannan zurfi. Waɗanda suka halarci fili suna cewa gani ya kori ji, kaset bai ɗauke da ƙurar dandali da martanin jama'a. Masu rikoda kuma suna ganin cewa a fili kuɗi ne ke jan bakin mawaƙi, a kaset ne ake gane gwani.

Hukuma ma ta shiga alƙalancin. A zamanin Seyni Kunce aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka soma bukin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, inda ƙungiyoyin samariya na kowace jiha ke gwada waƙa da rawa a gaban alƙalai masu ba da maki. A 1986 kuma aka kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa, don tunawa da shahararren mawaƙin garin, aka keɓe ta ga kiɗan zamani. Tun daga lokacin hukunci ya zama iri biyu, na teburin alƙalai da na ƴan kallo, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Shekarun 1990 sun zo da rarrabuwar kunne. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun fara aiki a Nijar a 1994, fadojin samari masu shan shayi suka yawaita, kowace da rikodarta. Wasu suka bi waƙoƙin finafinan Kano masu kiɗan fiyano da salon Indiya, wasu rap irin na Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney, wasu kuma jitar Abdallah Umbadugu, wadda kasetocinta suka riƙa yawo a ɓoye har zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995. Dattawa suna kukan cewa inji ya kashe hikima, samari suna cewa idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, wa'azin malamai kuma ya janye wasu daga dandalin gaba ɗaya.

Labarin Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa, ya nuna inda ƙarfin mai saurare ya kai. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyara murya irin ta mawaƙan finafinan Hausa. Ba wani kamfani da ya tallata shi. Jama'a ne suka riƙa tura waƙoƙin daga salula zuwa salula har suka kai Mali, daga nan kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya saka ɗaya cikin wani kundi a 2011, ƙofar dandalin Turai da Amurka ta buɗe masa.

Abin da ke cikin haɗari a yau shi ne shaidar wannan tarihi. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, katin waya yana gogewa, tsofaffin da suka ga Ɗan Anace ko Ɗan Gurmu da idonsu kuma suna ƙarewa. Malamai da ƙungiyoyin al'adu na Ƙonni da Malbaza da Illela suna da gadon da kulob-kulob na 1962 suka bari: a zauna da masu sayar da kaset na da, da direbobi, da zabiyoyi, da matan da suka yi guɗa a bukukuwa, a tambaye su wa suka fi so da kuma dalili, a ɗauki amsar da muryarsu, a rubuta suna da gari da shekara a ajiye.