Baƙin allon Linux: amsoshin tambayoyin da aka fi yi

Duk wanda ya samu kwamfuta mai Linux, ko saye ko aike daga ɗan uwa, zai ci karo da wani baƙin allo da ake kira tarminal. Ga abin da ya kamata mu sani kafin mu taɓa shi.

Mene ne tarminal?
Wuri ne da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, maimakon danna hoto. Linux ya gaji wannan tsari daga Unix, wanda aka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. Shi kuwa Linux, wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fito da shi a 1991. Kyauta ne, kuma a kansa aka gina Android ɗin da ke cikin wayoyinmu.

Ta ina za a fara?
A Ubuntu, a danna Ctrl da Alt da T tare. Bayan kowane umarni sai a danna Entrée.
pwd: yana faɗin dosiyen da kake ciki.
ls: yana nuna abin da ke cikinsa.
cd Images: ka shiga dosiyen hotuna.
cd .. : ka koma baya.
A kula, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. In sunan Images ne ka rubuta images, zai ce babu shi.

Ina rubuta lambar sirri amma ba na ganin komai?
Ba lalacewa ba ce. In ka sa sudo, wato ka nemi ikon mai gida, ana ɓoye lambar da gangan. Rubuta kawai, ka danna Entrée.

Ina hatsarin yake?
Yana ga rm. Abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara, kuma dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo. Hotunan biki ko takardun makaranta na iya tafiya cikin ƙiftawar ido. Rubuta rm -i, zai tambaye ka tukuna. Kuma a fara kwafe muhimman abubuwa a kile USB da umarnin cp.

In abu ya ƙi tsayawa fa?
Ctrl da C na tsayar da shi. Bayani kuwa, man ls zai kawo na ls, a fita da q.

Shawararmu: umarnin da ka gani a intanet ba ka gane shi ba, musamman mai sudo ko rm, kada ka kwafa. Tambayi wanda ya sani, matambayi ba ya ɓata.