Shekarun da Debian ta yi tsakanin FFmpeg da Libav

Mu da muka yi wa Debian aikin ƙunsa manhajoji, babu rigimar da ta ba mu wahala kamar ta laburaren bidiyo. Fabrice Bellard ne ya fara FFmpeg a 2000, kuma a kanta manhajoji irin su VLC suka dogara wajen buɗe bidiyo da sauti. A Maris 2011 wasu daga cikin masu rubuta ta suka saɓa da jagoranta, Michael Niedermayer, suka ɓalle suka kafa Libav. Reinhard Tartler, mai kula da ƙunshin a Debian, yana tare da su, don haka Debian ta bi Libav, Ubuntu ta bi bayanta.

Ɓallewa ba laifi ba ce a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja. Abin da ya dagula lamarin shi ne ɓangarorin biyu sun riƙe sunaye iri ɗaya, libavcodec da libavformat, alhali cikinsu ya fara bambanta. Kamar kishiyoyi biyu masu suna ɗaya ne: ka kira wannan, waccan ta amsa. Manhajar da aka gina da ɗaya, idan ta ci karo da ɗayan, sai ta mutu ana cikin kallo.

Masu amfani ma sun sha ruɗani. A wani shagon tura fina-finai a waya da ke Okala, cikin Libreville, na ga yaron shago ya rubuta ffmpeg zai rage nauyin wani fim ɗin Kano, sai allo ya ce masa an daina wannan, ya koma avconv, umarnin Libav. Ya juyo ya ce, "Yallaɓai, ashe FFmpeg ta mutu?" Tana nan da ranta. Saƙon na mutanen Libav ne, kan tsohon umarninsu, kuma har yau ina ganin bai kamata Debian ta bar shi haka ba.

A 2014 Andreas Cadhalpun ya dawo da FFmpeg cikin Debian da dabara: ya ƙara wa kowane laburare "-ffmpeg" a sunansa, ya bambanta alamomin da ke ciki, yadda biyun za su zauna a kwamfuta ɗaya ba faɗa. Aiki ne mai tsafta. Amma masu kula da tsaro suka ƙi yarda biyun su shiga Jessie, fitowar Debian wadda ta fito a Afrilun 2015, kuma ni ina bayansu. A Janairun 2014 masu bincike biyu na Google, Mateusz Jurczyk da Gynvael Coldwind, sun bayyana cewa an gyara kurakurai sama da 1,000 da suka tono a FFmpeg. Idan biyun suka shiga, kowane rami irin wannan sai a duba shi sau biyu, a toshe sau biyu, tsawon rayuwar fitowar, kuma masu wannan aikin 'yan ƙalilan ne, yawancinsu sa kai suke yi.

A Yulin 2015 ƙungiyar bidiyo da sauti ta Debian ta yanke shawarar komawa FFmpeg, saboda ta fi saurin toshe ramuka, ta fi buɗe nau'o'in fayil, kuma ta fi samun masu kula da ita. Daga nan aka shiga sake gina ƙunshe-ƙunshen da suka dogara da laburaren, ana bin masu su ɗaya bayan ɗaya su gyara abin da ya karye. Stretch, fitowar Debian da ta biyo bayan Jessie, ta fito da FFmpeg a Yunin 2017, Libav kuwa ta yi fitowarta ta ƙarshe a 2018.