Daga Kanwa zuwa Ƙwaya: Tarihin Maganin Ƙwannafi

Maganin ƙwannafi na farko shi ne abin da ke kashe kaifin ruwan tsamin ciki bayan ya riga ya taru. A ƙasar Hausa kanwa ce ta daɗe tana wannan aiki. Fatake kan ɗauko ta daga Manga da gaɓar Tafkin Chadi, a jiƙa a sha. Sauƙinta na ɗan lokaci ne, yawan shanta kuma illa ne ga mai hawan jini. A Turai ma alli da madara aka dogara da su, wanda gyambon cikinsa ya tsananta kuwa sai tiyata.

Lamarin ya sauya a 1976, da aka fito da cimetidine a Ingila, ƙwayar da ke rage fitar tsamin tun daga tushe. James Black, wanda ya jagoranci binciken, ya sami kyautar Nobel a 1988. Ranitidine ya biyo baya a 1981, ya yi kasuwa ƙwarai, har zuwa 2020 da hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi saboda wani sinadari da ake zargin yana jawo ciwon daji.

Omeprazole na kamfanin Astra na Suwidin, wanda ya fito a 1988, ya fi su ƙarfi. Kafin karin kumallo ake shan sa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya saya da kansa kada ya wuce kwana 14 ba tare da ganin likita ba, domin ƙwayar kan ɓoye alamar ciwo mai tsanani. Wahalar haɗiya, rama, aman jini ko baƙin bayan gida duk na asibiti ne nan take.