Fayil ɗin kanu

fayil ɗin kanu, suna, namiji. Jam'i: fayilolin kanu. A harshen shirya manhaja na C, fayil mai ƙarewa da .h da ke sanar da sunayen ayyuka da tsarin bayanai, amma ainihin aikin yana cikin fayil mai .c.

A rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda kowa ke iya duba lambarsa, yawancin fayilolin kanu suna ƙarƙashin src/include, an raba su gida-gida, kamar catalog, executor, storage, utils. Ƙa'ida ce kowane fayil mai .c na ɓangaren sabar ya fara kiran postgres.h, na manhajojin abokan hulɗa kuwa postgres_fe.h. Wannan ɗan “fe” kaɗai ya isa ya hana sabon hannu ɓata.

Misali: Kada ka saka postgres.h cikin wani fayil ɗin kanu.