Yadda Kurma Ya Samu Gurbi a Tseren Motoci

Tun kafin wani ya tambaya ko kurma zai iya tseren mota, waɗanda suka kafa wasan sun riga sun ɗora shi a kan ido. Dole ce ta sa su. Injinan farkon ƙarni na 20 ruri suke yi, iska na dukan fuska, ko makaniken da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da direba ba a jin muryarsa. Aikinsa shi ne ya riƙa waiwaye, in wata mota ta matso ya taɓa direba ko ya yi masa nuni da hannu. A 1911, a tseren Indianapolis 500 na farko a Amurka, Ray Harroun ya fita shi kaɗai ba makanike, ya kafa madubi a gabansa don ganin baya, kuma shi ya lashe tseren.

Mataki na biyu a Jamus aka taka shi. A watan Yuli na 1926 Rudolf Caracciola ya ci babban tseren ƙasar a filin AVUS na Berlin cikin ruwan sama, amma har ya kammala bai san shi ne kan gaba ba, domin babu hanyar gaya masa. Abin ya tsaya wa Alfred Neubauer na kamfanin Mercedes a rai, ya zauna ya tsara yadda za a riƙa yi wa direbobi magana da alluna da tutoci daga gefen hanya. A cikin wannan shekarar aka gwada tsarin a tseren Solitude. Har gobe ana miƙo wa direba irin wannan allo da matsayinsa da tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa. Tutoci ma ma'anarsu ta zauna: rawaya hatsari a gaba, ja a tsaya, shuɗiya mai sauri na tafe a ba shi hanya, baƙa an kira ka ka fito, mai ɗigon fari da baƙi an gama. Duk cikinsu babu wadda ake sauraro.

Abin da ya daɗe yana tare wa kurame hanya daga waje ya zo. A shekarun 1920 wasu jihohin Amurka sun hana kurame lasin tuƙi, sai da ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1880, ta sha gwagwarmaya kafin dokokin su faɗi. Japan ba ta bai wa wanda ba ya ji sam izinin tuƙi ba sai 2008, shi ma da sharaɗin faffaɗan madubi da alamar malam-buɗe-littafi a jikin mota. Mutumin da aka hana shi titin kasuwa, wa zai ba shi filin tsere?

Sai kuma rediyo ya shigo, ya canza komai. Daga shekarun 1970 a gasar NASCAR, daga shekarun 1980 a Formula 1, murya ta koma cikin hular kwano. A NASCAR har aka wajabta wa kowace mota mai leƙe, wanda ke tsaye can saman ginin 'yan kallo yana gaya wa direba akwai mota a hagunsa, ko hanya ta buɗe, ko an yi karo a kwana ta gaba. Wannan tsari ya kare rayuka, ba mai musu. Amma shi ne ya mayar da kunne sharaɗi a wasan da ya yi shekaru sittin yana tafiya ba tare da shi ba, kuma a ganina nan ne ainihin katangar take.

Wadda ta fi kowa nuna cewa jiki na iya riƙe aikin kunne ita ce Ashley Fiolek, 'yar Amurka da aka haifa kurma a 1990. Babur ta yi tsere da shi a filin ƙasa mai tudu da kwari. Sauran mahaya ƙarar inji ke gaya musu lokacin canza giya. Ita kuwa jijjigar da ke tasowa daga tanki da matakin ƙafa take karantawa. Ba ta jin wanda ke bin ta, don haka in ta shiga kwana takan duba inuwa a ƙasa, ta kuma riƙe layinta ba ta yanke wa kowa, saboda ba ta da tabbacin babu mutum a gefenta. Da wannan ta zama zakarar mata ta Amurka a 2008, 2009, 2011 da 2012, ta ci zinare a gasar X Games a 2009 da 2010, kamfanin Honda ya ɗauke ta cikin mahayansa.

A ɓangaren mota akwai Caleb McDuff na yankin Wales a Birtaniya, wanda ya rasa jinsa yana ƙarami aka dasa masa na'urar ji. Ɓangaren na'urar da ke manne a bayan kunne ba ya zama cikin hular kwano, sai ya cire, ya yi tseren ƙananan motocin yara cikin shiru tsit. Daga baya ya shiga Team BRIT, ƙungiyar da Dave Player ya kafa a 2015 don direbobi masu naƙasa, da burin kai su tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

Wasan da kansa ya fara komawa ga ido. Da Formula 1 ta yi tseren dare na farko a Singafo a 2008, tuta ba ta ganuwa sosai, aka kafa allunan fitila a gefen hanya. Yanzu launin tutar na haskawa a kan sitiyari, kusa da jerin fitilun da ke nuna lokacin canza giya. Bayan hatsarin direba Jules Bianchi a Suzuka a 2014, aka kawo tsarin rage gudu na bai-ɗaya a 2015, wanda shi ma lambobi ne a gaban direba. A ƙarshen 2017 hukumar tseren motoci ta FIA ta kafa kwamitin masu naƙasa, ta ɗora Nathalie McGloin, wadda ke tsere da birki da totur na hannu, a kan shugabancinsa.

Aikin mai leƙe ne ya fi wuyar mayarwa ga ido, amma shi ma an kama hanya. Tun 2013 motocin tseren Corvette suka fara ɗaukar kyamara da na'urar hango abin da ke baya, allo na nuna wa direba motar da ke matsowa da gefen da za ta wuce shi. Kayan suna da tsada, kuma ƙananan filayen da matashi kurma zai fara koyo a cikinsu ba su da su. A can har yanzu uba ne ko makanike ke tsaye a bakin shinge da allo a hannu, yana yi wa yaro magana da yatsu duk zagaye.